Manhaja ta ce ta aika, amma imel bai iso ba

Tambayoyin wannan fitowa sun zo ne daga masu ɗora manhaja a kan sabar da suke kula da ita da kansu, kuma duk kukansu ɗaya ne: imel ɗin da manhajar ke aikawa. Mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo. Duk inda kuka ga example.com ko 203.0.113.10, ku maye gurbinsu da naku.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗora manhajar rajistar mambobi a sabar haya mai Ubuntu, na girka Postfix domin aika imel. Idan mutum ya nemi sabunta kalmar sirri, manhajar takan nuna masa cewa an aika saƙo, amma shiru kake ji. Babu a akwatin shiga, babu a Spam. Na cire Postfix na sake girkawa, ba ta canja zani ba. Ina zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan "an aika" da manhaja ke nunawa ma'anarsa ɗaya ce: ta miƙa wa Postfix saƙon, shi kuma ya karɓa. Abin da ya biyo baya ba ta da labarinsa. Saboda haka ka rabu da allon manhajar, ka tambayi wanda saƙon ke hannunsa.

Fara da `mailq`, ka ga ko akwai saƙonnin da suka maƙale a layi. Sannan ka buɗe kundin aikin Postfix da `tail -f /var/log/mail.log`, ka bar shi a buɗe, ka koma manhajar ka nemi sabunta kalmar sirri kana kallo. Idan wannan fayil babu shi a sabarka, `journalctl -f -t postfix/smtp` zai nuna maka abin da ake buƙata. Kowane saƙo yana da lambar layi, kuma a ƙarshen bayaninsa za ka ga ɗaya daga cikin uku. `status=sent` na nufin sabar can ta karɓa, matsalar ta bar hannunka ta koma batun tacewa. `status=bounced` na nufin an ƙi shi ƙi na dindindin, kuma dalilin yana nan a rubuce da lamba mai farawa da 5. `status=deferred` kuwa jinkiri ne, Postfix zai ci gaba da gwadawa har kwana 5 idan ba ka taɓa saitinsa ba, sannan ya haƙura.

Yadda ka kwatanta lamarin, mun fi zargin na ukun, tare da `Connection timed out` a ƙofa ta 25. Ta wannan ƙofa sabobi ke miƙa wa juna imel, kuma kamfanonin hayar saba da dama suna toshe ta wajen fita saboda masu watsa saƙonnin banza. Google Cloud yana toshe ta, AWS ma yana taƙaita ta sai ka cike takardar neman a buɗe maka. Ka gwada da kanka:

`nc -vz gmail-smtp-in.l.google.com 25`

Idan ya haɗu nan take, ƙofar a buɗe take. Idan ya tsaya cak har lokaci ya ƙare, an toshe ta, kuma ko sau nawa ka sake girka Postfix ba abin da zai sauya.

Mafita biyu ce. Ko ka roƙi kamfanin ya buɗe maka, ko ka bi ta sabar isarwa irin ta Amazon SES, Mailgun ko Postmark ta ƙofa ta 587. Ga manhajar da aikinta aika saƙon kalmar sirri da sanarwa, mu ta biyun muke ba da shawara, domin ko an buɗe maka 25 akwai sauran doguwar tafiya kafin manyan masu akwatin imel su yarda da sabon adireshinka. A cikin `/etc/postfix/main.cf` ka sa:

`relayhost = [smtp.example.com]:587`
`smtp_sasl_auth_enable = yes`
`smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd`
`smtp_sasl_security_options = noanonymous`
`smtp_tls_security_level = encrypt`

Kada ka cire bakan nan masu kusurwa da ke kewaye da sunan. Su ke hana Postfix neman rikodin MX na sunan, wato rikodin da ke nuna sabar da ke karɓar imel ɗin wani domen, ya tafi wurinsa kai tsaye. A fayil ɗin `sasl_passwd` ka rubuta sunan sabar daidai yadda yake a `relayhost`, harafi da harafi har da lambar ƙofa, ka bar fili, sannan suna da kalmar sirri da alamar `:` a tsakaninsu. Ka kulle fayil ɗin da `chmod 600`, ka gudanar da `postmap /etc/postfix/sasl_passwd`, ka sake loda Postfix. Mantawa da `postmap` shi ya fi kayar da mutane a nan. Idan kuma kundin ya nuna `No worthy mechs found`, kunshin `libsasl2-modules` ne babu.

Kafin ka buga `postqueue -f` domin tura abin da ya taru, duba layin tukuna. Saƙonnin kwana huɗu na sabunta kalmar sirri duk mahaɗinsu ya riga ya mutu, ba abin da za su ƙara wa mambobinka sai ruɗani. `postsuper -d ALL` zai share layin gaba ɗaya, har da wanda kake so, don haka ka tabbata kafin ka danna.

Akwai hali guda da ya saura: ka nemi saƙon, kundin bai ko motsa ba. To saƙon bai taɓa barin manhajar ba. Manhajoji da yawa suna ajiye imel a layinsu na ciki, wani ma'aikacin bayan fage ne ke kwashewa, kamar Sidekiq a Discourse ko `queue:work` a Laravel. Idan ya mutu, manhajar za ta yi ta cewa an aika alhali saƙonnin na jibge a ma'ajiyar bayananta.

Tambaya: Ni saƙonnina suna fita, daga sabata kai tsaye. Sai dai Gmail yana jefa su Spam, wani lokaci ma ya dawo da su da 550 5.7.26. Na riga na sa rikodin SPF kamar yadda kowa ke faɗa. Me kuma ya rage?

Amsa: Malama, lambar 5.7.26 tana cewa Gmail bai samu shaidar cewa saƙon daga domen ɗinki yake ba. SPF rikodi ne a DNS, wato kundin sunayen intanet, da ke lissafa sabobin da aka yarda su aika imel da sunan domen ɗinki, amma sa rikodi daban, cin jarrabawarsa daban. Ki buɗe ɗaya daga cikin saƙonnin da suka faɗa Spam, ki danna ɗigo ukun da ke gefensa, ki zaɓi Show original. Can sama za ki ga sakamakon SPF da DKIM da DMARC. Ki gangara zuwa layin `Authentication-Results`, ki nemi `smtp.mailfrom=`, ki karanta adireshin da ke gabansa da kyau.

Imel yana ɗauke da adireshin mai aikawa guda biyu, kamar wasiƙa: ɗaya a bayan ambulan, ɗaya a saman takardar da ke ciki. Mai karatu na saman takarda yake gani, wato From. SPF kuwa na bayan ambulan yake dubawa, wanda ke fitowa a `Return-Path`. Manhajar da ke aikawa ta hanyar `mail()` na PHP sau da yawa takan bar wannan adireshi ya zama `www-data@` haɗe da sunan da kamfanin haya ya laƙaba wa sabar. Kin ga ke kin rubuta SPF ga example.com, Gmail kuma yana neman SPF na wani suna can da ba naki ba. Gyaran shi ne ki sa manhajar ta aika ta SMTP da adireshin domen ɗinki, ko ki ba `sendmail` zaɓin `-f`, ko ki daidaita `myorigin` a Postfix.

Idan adireshin daidai ne amma sakamakon `permerror`, ki buga `dig +short TXT example.com` ki ƙirga layukan da suka fara da `v=spf1`. Ɗaya tak aka yarda. Mutane kan ƙara na biyu idan sun kama sabon mai isarwa, sai duka biyun su rushe. A haɗe su wuri guda, misali `v=spf1 ip4:203.0.113.10 include:_spf.google.com ~all`. Akwai kuma iyakar bincike 10 a DNS. Kowane `include` da `a` da `mx` yana cin aƙalla ɗaya, har da waɗanda ke ɓoye a cikin `include` ɗin wasu, amma `ip4` da `ip6` ba sa cin komai.

SPF shi kaɗai ba ya isa a dogara da shi, ki ƙara DKIM, wato sa hannun da sabarki za ta riƙa yi wa kowane saƙo da makullin sirri domin mai karɓa ya tabbatar daga domen ɗinki yake. Da OpenDKIM, umarnin `opendkim-genkey -b 2048 -d example.com -s s1` zai ba ki fayil biyu: makullin sirri da zai zauna a saba, da na fili da za ki sa a matsayin rikodin TXT a `s1._domainkey.example.com`. Makulli mai bit 2048 ya fi haruffa 255 da aka yarda wa yanki ɗaya na TXT, shi ya sa yake zuwa a gutsure cikin alamomin zance. Wasu masu riƙe DNS suna haɗa guntayen da kansu, wasu kuma sukan yanke wutsiyar ba tare da gargaɗi ba, saboda haka bayan kin ajiye ki jawo shi da `dig` ki kwatanta ƙarshensa da na fayil ɗin. Ki kuma lura kada shafin ya liƙa miki sunan domen sau biyu, rikodin ya koma `s1._domainkey.example.com.example.com`. Wannan kuskure yana da yawa fiye da yadda ake zato.

DMARC ne ke ɗaure su: yana so aƙalla ɗaya daga SPF ko DKIM ya ci, kuma domen ɗin da ya ci ya dace da na From. Ki fara da `v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com` a `_dmarc.example.com`, ki yi makonni kina karanta rahotannin da za su riƙa zuwa, sai kin ga duk hanyoyin da ke aikawa da sunanki sun daidaita kafin ki matsa zuwa `quarantine`, wato a jefa saƙon da ya faɗi a Spam, ko `reject`, wato a ƙi shi gaba ɗaya. Wanda ya fara da `reject` ranar farko, nasa saƙonnin yake fara kashewa.

Tunda kai tsaye kike aikawa, akwai PTR, wato rikodin da ke mayar da adireshin IP zuwa suna. Ba a shafin DNS na domen ake sa shi ba, a wajen mai adireshin ne, wato kamfanin hayar saba. `dig -x 203.0.113.10` ya kamata ya ba da mail.example.com, shi kuma wannan suna ya koma kan adireshin nan, kuma ya zama shi ne `myhostname` na Postfix. Rashinsa yana da lambarsa a Gmail, 5.7.25. A nan IPv6, wato sabon salon adireshin IP, yakan yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi: an gyara komai a IPv4, amma Postfix yana fita ta IPv6 wanda ba shi da PTR, ba ya kuma cikin SPF, sai wani saƙo ya shiga wani ya dawo. Ko ki kammala masa nasa rikodin, ko ki sa `inet_protocols = ipv4` ki sake tayar da Postfix.

Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. A Gmail ana buƙatar SPF ko DKIM, PTR mai inganci da TLS, wato ɓoye saƙo a kan hanya, daga kowane mai aikawa, wanda kuma ke tura saƙo 5,000 ko fiye a rana sai ya haɗa SPF da DKIM da DMARC duka. Idan duk waɗannan sun ci amma Spam bai sake ki ba, ki duba sunan da adireshin ya yi a baya, domin adireshin haya ya taɓa zama a hannun wani. Ki juya lambobinsa baya, ki tambayi Spamhaus, mai ajiye jerin adireshin da ke watsa saƙonnin banza: `dig +short 10.113.0.203.zen.spamhaus.org`. Babu amsa, ba ya cikin jerin. 127.0.0.2 ko 127.0.0.4 alama ce an kama shi da laifi, 127.0.0.10 ko 127.0.0.11 kuwa na nufin yana cikin rukunin adireshin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Idan kika ga 127.255.255.254, ba hukunci ba ne, Spamhaus ne ya ƙi amsawa saboda kin tambaya ta buɗaɗɗen DNS irin 8.8.8.8.

Tambaya: Manhajata tana cikin Docker, Postfix kuma a kan sabar kanta. Na sa `localhost` da ƙofa ta 25, sai `Connection refused`. Amma daga sabar ina aikawa lafiya lau.

Amsa: A cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da Docker ke gudanar da manhajar, `localhost` ita kwantenar ce da kanta, kuma babu mai sauraron ƙofa ta 25 a cikinta. A fayil ɗin Compose ka ƙara `host.docker.internal:host-gateway` a ƙarƙashin `extra_hosts`, wanda ke aiki a Linux tun Docker 20.10, ka ba manhajar `host.docker.internal` a matsayin sabar SMTP.

Nan ma za ka iya cin karo da shinge biyu. Idan `inet_interfaces` yana kan `loopback-only`, Postfix ba ya jin kiran da ya fito daga gadar Docker, sai ka ƙara adireshin gadar, wanda galibi 172.17.0.1 ne, ka sake tayar da shi gaba ɗaya domin sake lodawa kawai ba ya ɗaukar wannan sauyi. Bayan haka kana iya ganin `Relay access denied`, wato ya ji ka amma bai san ka ba. Ka gano rukunin adireshin kwantenar da `docker network inspect`, domin Compose yakan ƙirƙiri nasa daban kamar 172.18.0.0/16, ka ƙara shi a `mynetworks`. Shi kaɗai za ka ƙara. Wanda ya gaji ya rubuta 0.0.0.0/0 ya mayar da sabarsa mai isar wa kowa, kuma masu saƙonnin banza suna zagayen neman irinta dare da rana.

Tambaya: Salam. Abin mamaki, saƙon manhajarmu yana isa ga kowa, Gmail da Outlook da sauransu, ban da ma'aikatanmu masu adireshi a domen ɗinmu. Akwatunanmu suna Google Workspace.

Amsa: Wa alaikis salam, Hajiya. Sabarku ce ta ɗauka ita ce gidan ƙarshe na domen ɗin. Lokacin girka Postfix yakan tambayi sunan imel na sabar, mutum ya rubuta example.com, sunan ya shige cikin `mydestination`. Daga ranar, duk saƙon da ke zuwa wani a example.com ba a ma tambayar DNS inda MX yake, ana neman mai akwatin a cikin sabar ne. Idan babu mai wannan suna sai saƙon ya dawo da `unknown user`, idan kuma akwai, ya kwanta a `/var/mail` ba wanda ya sani. A kundin za ki ga `relay=local` a inda ya kamata a ga sunan sabar Google.

Ki buga `postconf mydestination`. Idan domen ɗinku na ciki, ki cire shi da `postconf -e "mydestination = localhost"`, ki sake loda Postfix. Ki leƙa `virtual_alias_domains` da `virtual_mailbox_domains` ma, can ma yakan ɓuya. Masu cPanel suna da irin wannan a shafin Email Routing, inda ake zaɓar Remote Mail Exchanger.

Kishiyar wannan ita ce `mail for example.com loops back to myself`: MX yana nuna sabar, ita kuma ba a gaya mata ta karɓi domen ɗin ba. Tunda zance ya zo kan MX, sunan saba ake ba shi, wanda ke da rikodin A ko AAAA, ba adireshin IP ba kuma ba CNAME ba, sannan ƙaramar lamba ce ake fara gwadawa. Masu Cloudflare su bar alamar da ke gefen sunan sabar imel a shafin DNS a kan gajimare mai launin toka, domin na ruwan lemo zirga-zirgar yanar gizo yake wucewa da ita, SMTP ba ya bi ta cikinsa.

Tambaya: Na sa smtp.gmail.com da adireshina da kalmar sirrina, yana ba ni 535 5.7.8, alhali da kalmar nake shiga Gmail kullum.

Amsa: Tun ƙarshen watan Mayun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirrin asusu daga irin waɗannan manhajoji a asusun ɗaiɗaikun mutane. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja mai haruffa 16, ita za ka sa. Ka kuma dace ƙofa da salon ɓoyewa: 587 da STARTTLS, 465 da TLS tun daga farkon haɗuwa, wanda wasu manhajoji ke kira SSL. Idan ka cakuɗa su, ko dai haɗin ya tsaya shiru ko ka ga `wrong version number`. Ka sani asusun Gmail na kyauta yana da iyakar kusan saƙo 500 a rana, kuma zai mayar da From zuwa adireshin asusun idan wanda ka rubuta ba a tabbatar da shi a ciki ba. Don gwaji ya isa, amma manhaja mai jama'a ta nemi mai isarwa na gaske.

Tambaya: Muna da fom na tuntuɓa a shafinmu. Na saita shi ya sa adireshin mai rubutu a From domin in danna amsa kawai. Saƙon wasu yana zuwa, na masu Yahoo ba ya zuwa ko kaɗan. Sannan akwatin da ke karɓa yana tura kwafi zuwa Gmail ɗina, can ma wasu na ɓacewa.

Amsa: Malam, ta fuskar sabar da ke karɓa, abin da fom ɗinka ke yi sojan gona ne: saƙo ya fito daga adireshin sabarka yana iƙirarin daga yahoo.com yake. Yahoo ya sa `p=reject` a DMARC ɗinsa tun Afrilun 2014, ma'ana ya umarci kowa ya ƙi irin wannan saƙo. Ka sa adireshinka a From, kamar fom@example.com, ka sa na mai rubutun a `Reply-To`. Idan ka danna amsa wurinsa za ta tafi, yadda kake so. Ka tabbata manhajar tana tace alamar sabon layi daga abin da baƙo ya rubuta a gurbin adireshi, in ba haka ba wani zai cusa `Bcc` ya yi amfani da fom ɗin wajen watsa nasa saƙonnin.

Batun turawa kuwa daban ne. Idan sabarka ta tura saƙon wani zuwa Gmail, adireshin bayan ambulan na mai aikawa na asali ne, IP ɗin kuma naka, don haka SPF zai faɗi. DKIM yakan tsira muddin ba a taɓa saƙon ba, amma da zarar an liƙa wani rubutu a ƙasansa ko an sauya takensa, sa hannun ya lalace. SRS yana sake rubuta adireshin ambulan zuwa domen ɗinka, a Postfix kuma `postsrsd` ke yin wannan aiki. Yana gyara SPF, sai dai ba ya sa shi ya dace da From, saboda haka DMARC yana nan rataye a kan DKIM na asali. Ga saƙonnin fom ɗin dai ba ka buƙatar turawa sam: ka sa adireshin Gmail ɗinka a matsayin mai karɓa na biyu a saitin fom ɗin, saƙon ya tafi can kai tsaye da SPF da DKIM na domen ɗinka.